Ranar da Malam Ɗanjuma Ya Kira Sunan Ɗansa

Akwai wani manomi a garin Dayi da ake kira Malam Ɗanjuma. Mutum ne mai faram-faram da jama'a. In ya zauna a majalisa ya ɗauko zancen tsadar taki, sai an kira salla za a raba shi da shi. Yaran unguwa kaf ya san sunayensu, har da na tsokanar da ya laƙaba musu.

Amma akwai suna ɗaya da ba a taɓa ji a bakinsa ba, shi ne sunan ɗan farinsa, Abdulmutallib.

Kada ku ce ƙiyayya ce. Kara ce irin ta mutanen da, kunyar ɗan fari. Haka mahaifinsa ya yi masa, haka shi ma ya tashi yana yi. In yana son yaron sai ya ce, "Kai." In zai yi zancensa sai ya ce, "Yaron nan." In kuwa saƙo ne mai tsawo, sai ya kira ƙanwar yaron, Aisha Humaira, ya ce ta je ta faɗa wa yayanta. Uwar yaron, Lauratu, ta fi shi ma. Ita ko kallonsa ba ta yi in akwai mutane.

A zuci kuwa, Allah kaɗai ya san irin son da Malam Ɗanjuma yake yi wa wannan yaro.

Da Abdulmutallib ya gama karatun aikin gona ya dawo gida, sai ya nemi a ba shi gonar gabas, wadda tun zamanin kaka dawa ake shukawa a cikinta. Ya ce waken suya zai zuba, ingantaccen iri, yadda aka koya musu. Malam Ɗanjuma ya ba shi ba tare da musu ba. A majalisa yana cewa, "Ku bar 'yan boko su gwada," amma duk wanda ya kalli fuskarsa ya san alfahari ne yake cinsa.

Yaron ya yi aiki, ba ƙarya. Shi ne farkon fita, shi ne ƙarshen dawowa. Gona ta yi kore shar, har masu wucewa a babur suna rage gudu su kalla.

Sai ruwa ya ɗauke daidai lokacin da wake yake ƙoƙarin cika. Dawar maƙwabta ta jure, waken bai jure ba. Ranar girbi, abin da aka tara ko bayan amalanke bai rufe ba.

Malam Ɗanjuma ya zo gonar ran nan. Ya ga tsibin, ya ga ɗansa tsaye kansa a ƙasa, ga 'yan ƙwadago suna kallo. Tausayi ya kama shi har idonsa ya fara kawo ruwa. Don kada ya kunyata yaron a gaban mutane, sai ya juya babur ɗinsa ya tafi bai ce uffan ba.

Da ya isa gida ya tara iyali ya kafa doka: kada wanda ya kuskura ya tayar da zancen gonar gabas. Sannan ya aiki Aisha Humaira ta faɗa wa yayanta kada ya fito aikin sussukar dawa bana, ya huta.

Shi a ganinsa ya gama rarrashi. Ya rufa wa ɗansa asiri, ya sauke masa aiki. Me kuma ya rage?

Abin da bai sani ba shi ne, yaron wani karatu daban ya yi wa abin. Baba ya ga asarar ya juya baya. Gida ya yi tsit in ya shigo. Yanzu kuma an ce kada ya taka gona.

Sannu a hankali Abdulmutallib ya fara janye jiki. Ya daina zuwa filin ƙwallo. Ya daina zama da abokai. Kwanon tuwonsa yadda aka kai haka ake dawo da shi, sai ɗan gefe da ya taɓa. Ya rame, idanunsa suka faɗa, in aka gaishe shi sai ya ce lafiya lau ya wuce.

A majalisa kowa ya zama likita. Wani ya ce iska ce, wani ya ce a bincika ko ya fara shan ƙwaya, wani kuma ya ce a yi masa aure kawai a huta. Malam Ɗanjuma ya dage da addu'a, ya yi sadaka, ya sayo kaza aka yi wa yaron farfesu. Ya yi komai, ban da abu ɗaya. Bai zauna da shi ba.

To, a bakin titin Dayi akwai wata mai shagon kayan masarufi, sunanta Ebele. Iyayenta daga kudu suka zo, amma ita a Funtuwa aka haife ta, Hausa kuwa a bakinta sai dai ta koya wa wani. Kowa Maman Ife yake ce mata, saboda ɗanta Ifechukwu, wanda tare suka yi firamare da Abdulmutallib kafin ya koma Kaduna aiki.

Wata safiya Malam Ɗanjuma ya ɗauko hanyar kasuwar Musawa, ya tsaya a shagonta zai sayi ruwa. Suka gaisa. Ya miƙa hannu zai karɓa, sai ta riƙe ledar ba ta saki ba.

"Malam Ɗanjuma, kashe babur ɗin nan. Magana zan yi da kai."

Ya yi dariya ya ce, "Maman Ife, in farashin sukari ne ya sake tashi, wallahi ba ni na tashe shi ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ciki ta fito da takalman ƙwallo da wata riga mai lamba a baya, ta ajiye a kan benci.

"Ka gane waɗannan?"

Ya gane. Shi da kansa ya sayo takalman a Funtuwa, ya ba Aisha Humaira ta kai.

Ta ce, "Tun bayan girbi yake zuwa nan. Yana zagawa bayan shago ya zauna inda ba mai ganinsa. Ba na tambayarsa komai, ruwa nake ba shi in ci gaba da aikina. Jiya ya kawo waɗannan, ya ce in ajiye wa Ifechukwu, shi ba zai ƙara buƙatarsu ba. Sannan ya yi mini wata tambaya da ta hana ni sukuni."

"Wace tambaya?"

"Ya ce, 'Mama, in ɗa ya zama nauyi a gida, in aka wayi gari babu shi, iyayensa sauƙi suke samu ko?'"

Malam Ɗanjuma ya dafa benci ya zauna.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Nauyi? Wa ya ce masa nauyi ne? Ni fa ko kallon banza ban yi masa ba. Kalma ɗaya ban faɗa masa ba a kan waken nan."

"To ai shi ke nan matsalar," in ji Ebele. "Ba ka faɗa masa komai ba. Shi kuma ya zauna shi kaɗai ya cike gurbin da abin da ya fi muni."

"Maman Ife, kin san al'adarmu. Ɗan fari ne."

"A nan aka haife ni, Malam, na san kara, kuma ina ganin kyanta. Amma yaron nan ba shi da lafiya. Ciwon damuwa ne, na taɓa ganin irinsa a gidanmu, kuma yana da magani a asibiti kamar zazzaɓi. Sai dai kafin likita, kai yake buƙata."

Sai ya ce, "Bari in kira ƙanena Murtala, ya iya magana da yara."

"Murtala ne ya haife shi?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta sassauta murya ta ce, "Kasuwar Musawa tana nan wani makon. Don Allah ka koma gida yanzu, kada ka bari sai gobe."

Malam Ɗanjuma ya juya babur. A hanya tsoro yake ji, kuma yana jin kunya, har bai san wanne ya fi yawa ba. Ta yaya zai zauna gaba da gaba da yaron nan, ido cikin ido? Ya san kansa. Da zarar sun haɗa ido, bakinsa zai mutu.

Ya tsaya a ƙofar ɗakin da ke zaure ya yi gyaran murya.

"Kai, fito ka raka ni."

Abdulmutallib ya fito yana ƙifta ido saboda hasken rana. Uban ya ga yadda riga take lilo a jikinsa, ya kau da kai. Yaron ya hau baya, suka kama hanyar Malumfashi.

Suna cikin tafiya sai Malam Ɗanjuma ya lura da wani abu. A kan babur ba mai kallon wani. Shi yana kallon titi, yaron yana kallon ƙeyarsa. Ga su jiki da jiki, amma babu ido.

Ya buɗe baki, ya rufe. Suka wuce gonakin da aka gama girbe, suka wuce wata motar kara. Ya yi bisimilla a zuci.

"Abdulmutallib."

Sunan ya fito masa baƙo a baki, kamar ba shi ya raɗa shi ba. Ya ji yaron ya ƙame a bayansa.

"Baba, ban ji ba. Iska."

Malam Ɗanjuma ya rage gudu, ya ɗaga murya.

"Na ce Abdulmutallib!"

"Na'am, Baba."

Daga nan magana ta ɓalle. Ya ce, "Ranar da na juya na bar gonar nan, ba fushi na yi ba. Hawaye ne suka zo mini, ba na so 'yan ƙwadago su gani su raina ka. Ni na hana a yi zancen a gida, don kada a fama maka ciwo. Da na ce ka huta, hutun nake nufi, wallahi ba kora ba ce. Ruwa na Allah ne. Wake ne ya lalace, kai ba ka lalace ba. Ban taɓa ganin wanda ya yi wa gonar nan hidima irin taka ba, har ni."

Sai ya ji goshin yaron ya sauka a tsakiyar bayansa, ya ji kafaɗunsa suna rawa, ya ji ɗumin hawaye ya ratsa rigarsa.

"Baba, na ɗauka ka gaji da ni."

"In na gaji da kai, wa zan so? Ka saurare ni da kyau. In babu kai a gidan nan, ni da uwarka mun gama yawo."

Bai tsaya ba, kuma bai waiwaya ba. Haka suka tafi a hankali, ɗaya yana kuka a baya, ɗaya yana share ido da hannun riga a gaba, har suka shiga Malumfashi. Kai tsaye asibiti ya nufa. Likita ya zauna da yaron ya saurare shi sosai, ya ɗora shi a kan magani, ya sa musu ranar dawowa. Ya kuma ja uban gefe ya ce kada a riƙa barinsa shi kaɗai, a riƙa jansa da hira ko da ba ya amsawa.

Ba rana ɗaya aka warke ba. Akwai makon da zai ware, akwai wanda zai koma ɗaki. Amma yanzu in ya koma, ba a barinsa. Lauratu dai har yau ba ta iya kiran sunan ba, kada mu yi mata ƙarya. Abin da ta koya shi ne ta ɗauko tiren gyaɗa ta zauna a bakin ƙofarsa tana ɓara, tana ba shi labarin unguwa. Malam Ɗanjuma kuwa ya mayar da babur ɗakin ganawa. Da ya ga fuskar yaron ta canza, sai ka ji, "Fito ka raka ni." Mutanen Dayi har suka fara tambaya wai wace unguwa ce wannan da ba ta ƙarewa.

Da damina ta zagayo, Malam Ɗanjuma ya sake damƙa wa ɗansa gonar gabas. Suka raba ta biyu, rabi dawa, rabi wake, kuma tare suka yi huɗa.

Bayan girbi suka ɗauro buhun sabuwar dawa a babur suka sauke a ƙofar shagon Ebele. Ta ce ba za ta karɓa ba, ita me ta yi?

Malam Ɗanjuma ya ce, "Maman Ife, da kin bar ni na wuce Musawa ran nan, ban san me zan tarar a gida ba. Ko gonar na ba ki ban biya ki ba. Allah ya raya miki Ifechukwu, ya sa ki ga alheri a kansa."

Ta ce amin, idonta ya cika. Don ta kore kukan, sai ta shiga ta ɗauko takalman ƙwallon ta miƙa wa mai su.

"Ungo kayanka, sun cika mini shago. Ni dai abin da ya ba ni haushi, an ce ranar da aka fara kiran sunanka ma iska ta kwashe, ba ka ji ba."

Abdulmutallib ya yi murmushi, ya saci kallon mahaifinsa, ya sunkuyar da kai.

"Mama, na ji tun na farko. So nake ya sake faɗa."

Darasi: Yaranmu ba sa ganin abin da ke cikin zuciyarmu, abin da muka faɗa suke ji, kuma shirunmu ma fassara shi suke yi. Kunya da kara ado ne, amma kada su hana ka faɗa wa ɗanka cewa ya fi duk wata asara daraja a wurinka. In ka ga matashi ya janye daga mutane, ya daina cin abinci, ya fara rabar da kayansa, kada ka jira. Zauna da shi, saurare shi, haɗa addu'a da asibiti. Kuma mu gode wa maƙwabtan da suke faɗa mana gaskiya a kan lokaci. Ku tura wannan labari ga iyaye da 'yan uwa, wataƙila akwai gidan da yau ake jiran a ji an kira suna.