Yadda Dorina ta biya ladan wankin da ta yi da kanta

To ku matso, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo.

Tun da kun ce ba za ku bar ni da shirun gidan nan ba, bari in ba ku wadda maigidana Tanimu yake ba ni in yana shanya. Allah ya jiƙansa.

Wai a bakin wani kogi akwai Zalɓe, sana'arsa wanki. Dorina kuma tana da wani tawul fari na auduga, mai faɗin tabarma, ba ta yarda kowa ya taɓa shi sai Zalɓe. Shi kuwa ya san hannunsa. Ba ya haɗa shi da sauran kaya. Sabulu kaɗan. Ya yi ta ɗauraya har ruwa ya fito garau. Ya kaɗe shi da ƙarfi gashinsa ya miƙe, ya baza a igiya inda iska ke wucewa, ba ya ninkewa sai ya bushe sarai. Haka hannun Tanimu yake. In ka sa fuska a tawul ɗin da ya wanke, ba ka so ka ɗago.

Duk ranar wanki Dorina takan ba Zalɓe ƙwarya cike da soyayyiyar gyaɗa. Kurege yana bakin raminsa yana kallo, yana haɗiyar yawu.

Ran nan Zalɓe ya tafi gaida surukai. Sai Kurege ya share jela, ya je ya durƙusa.

Ya ce, "Uwar ɗakina, barka da hutawa. Ni ne almajirin Zalɓe a wanki. Ya ce in karɓi tawul."

Dorina ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Kai ɗan firit ɗin nan? To ungo. Amma ka ji: in ya dawo ba laushi, a kanka zan zauna."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, sai kin ƙara mini gyaɗa."

Ya ja tawul, ya ja tawul, har gindin wata kuka a bakin kogi. Ya zauna yana tunani. Ya ce, "Zalɓe bai san girman manya ba. Kayan manya ai sai da sitaci da bugu, kamar shaddar ango." Ya dama sitacin rogo tukunya guda, ya ɗanɗana, ya ji daɗi, ya sha rabi, ya tsoma tawul a sauran. Da ya sha iska ya ɗora shi a gungume, ya yi ta bugu, tim, tim, har gashin tawul ya kwanta yana ƙyalli. Ya bar shi a rana.

Da ya dawo ɗauka, tawul ya ƙi ninkuwa. Ya tsaya da kansa kamar ƙyauren langa-langa. Kurege ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙwas. 

Ga Dorina ta fito daga wanka, ruwa na zuba. Ta ce, "Ina tawul?"

Ta kai hannu, ta ji abu kamar busasshiyar fata. Ta fara juyo da gindi za ta zauna.

Kurege ya ce, "Tsaya, uwar ɗakina! Yaushe rabon da a sosa miki tsakiyar baya?"

Ta tsaya. Ta ce, "Tun ina budurwa."

Ya ce, "Shi na gani na ji tausayi. Wannan na susa ne, laushi na tafe."

Ya jingina tawul da kuka. Dorina ta goga baya, ta goga, ta lumshe ido. Ta ce, "Wayyo daɗi. Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Can ƙasa kaɗan."

Amma jikinta jiƙe yake. Sitaci ya narke, ya yi yauƙi, tawul ya manne mata a baya. Cinnaku suka ji ƙanshin rogo, suka yo gayya. Dorina ta daka tsalle, ƙasa ta girgiza.

Ta ce, "Kurege! Yau sai na mai da kai tabarma!"

Ya haye reshe, ya ce, "Madalla, sun zo a kan lokaci! Masu buɗe ƙofar gashi ke nan. Maza faɗa ruwa da shi!"

Ta faɗa. Ya ce, "Birgima!" Ta birgima. Ya ce, "Tattaka shi!" Ta tattaka. Ya ce, "Matsa gaba inda ruwa ke gudu, sake!" Ta sake, har ruwa ya fito garau. Ya ce, "To kaɗe shi, da ƙarfi, ba irin kaɗin Zalɓe mai siraran ƙafafu ba." Ta kaɗe, gashin tawul ya miƙe tsaf. Ita ta baza shi a igiya, shi yana kan reshe yana cewa a ja gefen hagu.

Da ya bushe ta sa fuska a ciki. Laushi kamar cikin ɗan tsako. Ta cika masa ƙwarya, ta ƙara da wata.

Washegari Zalɓe ya dawo. Dorina ta ce, "Malam, yaronka ya fi ka. Daga yau irin wankinsa nake so."

Zalɓe ya ce, "Hajiya, ni ban taɓa ajiye yaro ba. Wa ya ɗauraye?"

"Ni."

"Wa ya kaɗe?"

"Ni."

"Wa ya shanya?"

Dorina ta ce, "To shi me ya yi?"

Daga cikin rami, can ƙarƙashin saiwar kuka inda gindinta ba ya shiga, aka ji murya da baki cike da gyaɗa: "Ni na sosa, uwar ɗakina!"

Ƙurunƙus kan kurege. In za ka ɓata wa babba kaya, fara duba ko bayansa na ƙaiƙayi.