Ƙanwar Nusaiba Tana Jiran Suna

To, ku gyara zama. Kai ma mai latsa waya, ajiye ta, yau shari'a zan ba ku.

A tsohuwar unguwarmu akwai wani tela, Malam Sabi'u, mai 'ya guda, Nusaiba, 'yar aji biyu. Yarinya ce mai shiga rai, ga surutu kamar rediyo. Sai dai Allah ya jarrabe ta da abin da ban taɓa ji ba sai a kanta: jikinta ba ya karɓar gyaɗa. Ko ɗanɗanawa ta yi sai maƙogwaronta ya kumbura, numfashi ya nemi ɗaukewa. Ku duba fa, a ƙasar da ake karyawa da kunun gyaɗa, a soya da man gyaɗa, a sha gari da ƙuli-ƙuli! Uban ya kai wa makaranta allurar gaggawa da likita ya ba su, aka kuma hana shiga da gyaɗa ajin.

An hana gyaɗa, amma wa ya isa ya hana yaranmu cewa "zo mu ci"? Wata Laraba da aka fita tara, ƙawar Nusaiba ta kwance dafaffen rogo da ƙullin yaji. Tun a gida uwar ƙawar ta duba, ta ga rogo ne kawai, ta manta yajin na mai tsire ne, wanda rabinsa ƙuli-ƙuli ne. Nusaiba ta dangwala sau biyu, sai tari ya sarƙe ta. Malamai suka taru, wannan na ba ta ruwa, wancan na bubbuga mata baya, duk sun ɗauka ƙwarewa ta yi.

Inna Tabawa, mai sayar da awara a bakin ƙofa, ta kutso da matsaminta a hannu. Ita ce ta daina suya da man gyaɗa tun ranar da ta ji labarin yarinyar. Ta ɗauki ledar yajin ta sunsuna.

"Wace irin ƙwarewa? Da ƙuli a yajin nan! Ina mai allura?"

Mai allura ita ce Malama Kubra, malamar ajin, wadda ko jinin kaza ta gani sai ta kau da kai. Amma ita ce ta nace sai da aka koya mata, kuma allurar ba ta taɓa barin jakarta ba, ko banɗaki za ta. Tana salati, ta caka wa yarinyar a cinya ta saman wando. Numfashi ya ɗan dawo.

Saura asibiti, kuma ranar kasuwa ce, titi ya cushe, ko babur ba ya motsi. Sai Baba Atine mai shara, tsohuwar da kullum take kukan gwiwa, ta yar da tsintsiya, ta goya Nusaiba da mayafinta. Ta bi lungunan da ta sani tun tana budurwa, ta ratsa ta tsakar gidan mutane ba sallama, takalminta ɗaya ya tsinke ta bar shi nan. Wallahi duk sanda na tuna gudun tsohuwar nan sai idona ya kawo ruwa.

Likita ya ce da an ci gaba da ba ta ruwa, da an rasa ta. Da ba a yi allurar ba, da ba ta iso da rai ba. Da kuma an makara, da kumburin ya dawo a hanya.

Bayan wata biyu matar Malam Sabi'u ta haihu, mace. Shi kuwa tun a bakin gadon Nusaiba a asibiti ya yi alkawari: in mace ce, sunan wadda ta ceci Nusaiba za ta ci. Da aka tambayi Nusaiba, cewa ta yi, "Baba, a sa mata duka ukun mana." Uban ya yi dariya, ya ce jaririya ɗaya ce, suna ɗaya liman zai raɗa.

Ga rago a ɗaure, gobe suna. Matan nan uku kowace na cewa a bai wa 'yar'uwarta, amma na ga kowace ta yi sabon lalle. To, ku faɗa mini: Tabawa da ta gane, Kubra da ta caka, ko Atine da ta goya, wace ce ta cancanci takwara?