Maɗorin da Ya Toshe wa Jibo Baki

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da ake fatauci da jakuna. Nomau ake ce masa, sana'arsa ɗori. Duk wanda ya karye, shi ake kira. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. In malamai na magana, can gefe yake raɓewa ya sunkuyar da kai.

To, a garin nan akwai wani falke, Jibo. Wata shekara ƙyanda ta shigo ta kwashe masa 'ya'ya uku cikin mako guda. Tun daga ranar ya naɗe buzun sallarsa, ya ce shi bai yarda akwai Allah ba. Ba a ɗaka yake faɗa ba fa, a gindin tsamiyar kasuwa, gaban kowa da kowa.

Kullum bayan la'asar sai Malam Zubairu, na'ibin liman, ya zo da jama'arsa a kafa muhawara.

"Jibo, tabarmar nan da kake zaune a kai, ita ta saƙa kanta?"

"A'a, Malam. Na san wanda ya saƙa ta, ga gidansa can. Naka masaƙin ne ban taɓa gani ba."

"To iska fa, kana ganinta?"

"Ina jin ta a jikina. Ranar da na durƙusa ina roƙon ran 'ya'yana, ban ji komai ba."

Malam ya kawo hujja, Jibo ya kawo tasa. Yau a yi, gobe a yi, har shekara biyu, ba wanda ya gusa. Sai dai murya ta ɗaga, a tashi baram-baram. Gaskiya tana wajen Malam, wannan ba ja. Amma abin ya riga ya koma kokawa, so yake kawai ya ga bayan Jibo a ƙasa.

Ana nan, wata ranar hantsi Jibo ya hau gyara wa tsohuwarsa jinkar rumbu. Tsani ya goce, ya faɗo, ƙwaurinsa ya karye gida biyu. Tsohuwar, Iya Kande, ta fita ko mayafi babu, ta kira Nomau.

Ku saurara nan, don ku gane abin da ke ƙasa. Ɗorin ƙwauri ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai ƙarti huɗu sun danne wanda ya karye, sannan maɗori ya ja ƙafar har ƙashi ya koma mazauninsa. Kuma ba a jinkiri. In ta kumbura, shi ke nan, ko ta kame a karkace ko a rasa ta. Falken da ba ƙafa kuwa, cinsa ya ƙare.

Ƙarti sun taru, Nomau ya durƙusa yana latsa wurin, sai ga Malam Zubairu. Ya tsaya ya dubi Jibo a kwance, ya ce, "Kada wanda ya taɓa shi sai ya yi kalmar shahada." Ƙarti suka ja da baya.

Jibo ya dubi ƙafarsa, ya dubi uwarsa tana kuka. Gumi ya jiƙe shi sharkaf. Ya ce, "Zan faɗa. Malam, zan faɗa, ku dai taimake ni."

Jama'a suka fara kabbara. Sai Nomau ya sa tafin hannu ya toshe masa baki.

"Jibo, tsakaninka da zuciyarka, ka yarda?"

Jibo ya girgiza kai.

"To kada ka faɗa."

Malam ya ce, "Kai Nomau! Kanka ɗaya kuwa? Mutum zai shigo addini ka tare masa ƙofa?"

Nomau bai taɓa ja da malami ba, tsoro ne fal a ransa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban yi karatu ba. Amma shekarata talatin ina jin abin da mutum ke faɗa in ƙashinsa ya karye. Wani ya ce ya ba ni gonarsa, wani ya ce ya ba ni 'yarsa. Kashegari ba mai tunawa. Ba shi ke magana ba, zafi ne. Ni ina jin kunyar a kai wa Allah irin wannan shahada ta hannuna."

Malam ya kaɗe riga ya fita, ƙarti suka bi shi. Gida ya rage mutum uku.

Nomau ya kwance igiyar jaki, ya ɗaure Jibo tamau a jikin gungumen rumfa. Ya ce, "Iya, hau kan ƙirjinsa ki zauna, ko ya zage ki kada ki tashi." Tsohuwa ta hau. Ya yi bisimilla ya ja. Ƙarar da Jibo ya yi har kasuwa an ji. Ƙashi ya koma. Ya jera kara, ya naɗe da tsumma, ya sunkuya yana tofi.

Jibo da ƙyar ya ce, "Ni fa ban yarda da tofinka ba."

Nomau ya ce, "Ai ba kai nake gaya wa ba."

Kada ku ɗauka an yaba masa. Ina! Aka daina amsa gaisuwarsa. A masallaci sai a bar gurbi tsakaninsa da mutane a sahu. Wanda ya karye, gara a ɗauke shi a kai wani gari. Abin ya yi masa ciwo, har ya rame. Duk da haka bayan kowane kwana uku yana gidan Jibo yana duba ɗaurin.

Ran da aka kwance, Jibo ya taka ƙasa, ƙafa ta ɗauke shi. Ya ce, "Ka gani? Kara ne da tsumma suka yi aiki."

Nomau ya ce, "Ni dai nakan haɗa ƙashi baki da baki in ɗaure. Abin da ke faruwa a ciki, ban taɓa gani ba, kuma ba ni ke yin sa ba."

Bayan mako biyu Jibo ya bi ayari ya tafi fatauci. Ya yi imani daga baya? Labarin bai iso mana ba, ni kuma ba zan ƙara masa gishiri don ku ji daɗi ba. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Abin da nake so ku tafi da shi gida ke nan. Imani ba a matso shi daga bakin mutum, kuma taimako ba a sa masa sharaɗi. Yau ga ku nan riƙe da waya, wani ya rubuta bai yarda da Allah ba, sai ku yi masa ca, har uwarsa ku zaga, ku ce addini kuke karewa. Ku kawo hujja, ban hana ku ba. Amma kowa ya tambayi kansa: shiriyarsa nake nema, ko kayar da shi? Ranar da ya faɗi a gabanka yana bukatarka, ranar za a san amsar. In ka tsaya ciniki da shi a kan zafinsa, to kanka kake yi wa aiki, kada ka ce Allah ne ya aike ka.