Gidajen da Mwatima Ta Gina a Cikin Teku

Akwai wata tsohuwa mai suna Mwatima, a wani ƙauye na bakin teku a tsibirin Pemba. Idan ruwa ya janye, kududdufai kan fito a tsakanin duwatsu. A nan ta yi shekara talatin tana tara duwatsu tsibi-tsibi, pweza, dabbar nan mai hannu takwas, tana shiga ta yi gida. Manya take cirewa, ta bar ƙananan. Da wannan kaɗai take ci.

Wata Lahadi ɗan wanta Kombo ya zo daga birni da abokan aikinsa, da rodi a hannu.

"Gwaggo, matsa. Baƙi na son hoto."

"Kombo, ku kalla da ido. Dutsen da kuka ɗaga, ku mayar da shi yadda yake."

"Kun ji ta? Wai dutse ma ɗakinsa gare shi! Ko ke kika haifi tekun?"

Suka bushe da dariya. Ya sa rodi ya rushe tsibi na farko. Suka zaƙulo 'yan ƙananan pweza, suka yi ta wurgi da su, suka shanya sauran a kan dutse mai zafi har suka daina motsi. Mwatima na bin su a baya tana mayar da duwatsu, su kuma suna gaba suna watsarwa. Wallahi abin ba kyan gani.

"Ka bar mini ɗaya, ɗana."

"Tunda kin roƙa, wannan da ƙafa zan yi shi."

Ya cire takalmi don hoton ya yi kyau, ya shure tsibi na ƙarshe. Ashe wani kifi mai dafi, mai kama da dutse, yana kwance a gindin tsibin, ƙayarsa ta soke shi a ƙafa. Ihun Kombo har masallaci. Masu dariyar nan suka ja da baya, ba wanda ya taɓa shi.

Tsohuwar ce ta dafa ruwa ta tsoma ƙafar, ta riƙe shi har mota ta zo. Duk da haka sai da aka yanke masa yatsu biyu.

Bayan wata uku ya dawo yana ɗingishi.

"Gwaggo, ki yafe mini."

"Na yafe. Zo ka gani."

Ta kai shi wurin. Duwatsu a kife, sun yi fari fat, babu abin da ke motsi.

"Ai sai a sake ginawa," in ji shi.

Ta sunkuya ta kama dutse ɗaya da hannu biyu. Ta ja, ta sake ja, bai ko motsa ba.

"Ina da shekara arba'in na ɗauko wannan," ta ce.

Darasi: Inda ka je yawon buɗe ido, wurin cin abincin wani ne. Kalla, ka mayar da komai yadda ka same shi, domin neman gafara ba ya tayar da abin da ka kashe. Ku tura wa masu zuwa bakin ruwa.