Shaidar Habila a Kan Kunya Bakwai

Akwai wani mutum mai suna Habila, manomi ne. Yana cikin Jama'ar Abokai, mutanen da suke taruwa ranar Lahadi su zauna shiru a gaban Allah, ba mai wa'azi, ba kiɗa, sai wanda Ruhu ya motsa ya tashi ya yi magana. Mutanen nan ba sa rantsuwa ko kaɗan.

Kusa da gonarsa akwai gonar wata gwauruwa, Damaris, mai 'ya'ya huɗu. Da mijinta ya rasu, sai Tanimu, mai gonar gabas da tata, ya ce rabin gonar tasa ce. Aka kai magana gaban maigari. Duk waɗanda suka ga ranar da aka yanka iyakar sun mutu, saura Habila. A garin kuwa ba a karɓar shaida sai da rantsuwa.

Damaris ta same shi a bakin rumbu, ta durƙusa ta ce, "Baba Habila, damina ta ƙarato. Kalma ɗaya ce fa. In ba ka rantse ba, ina zan shuka wa yaran nan dawa?"

Tun daga ranar tuwo ya daina shigar Habila. In ya rantse, ya karya abin da ya riƙe shekara talatin. In ya ƙi, marayu su rasa abinci. Ga kuma wani abin da ya fi damunsa: ya san marigayin ya yi ta cin iyaka kaɗan-kaɗan, har kunya bakwai na Tanimu suka shiga gonarsa.

Ranar Lahadi ya zauna cikin Abokai a tsorace. Yana fata wani ya tashi da kalmar da za ta warware masa, amma har aka tashi ba wanda ya ce uffan. A bakin ƙofa wata tsohuwa, Mama Saraya, ta ce masa, "Ba zan ce ka yi ko ka bari ba, ɗana. Amma gobe muna bayanka."

Kashegari a zauren maigari aka ce, "Ɗaga hannu ka rantse."

Habila ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan rantse ba. In na rantse yau, kamar na ce maganata ta sauran kwanaki ba abar dogara ba ce."

Maigari ya ce, "To, shaidarka ta faɗi ke nan."

Damaris ta fashe da kuka.

Habila ya ce, "A bar ni in faɗa, ko da ba za a karɓa ba. Iyakar daga ɗorawa take zuwa suri. Rabin gonar ba na Tanimu ba ne. Amma kunya bakwai na bayan ɗorawar nasa ne, marigayi ne ya shigar da su."

Sai maigari ya ce, "Na ga masu rantsuwa da yawa a zauren nan. Ban taɓa ganin mai shaidar da ya rage rabon wanda ya kawo shi ba. Na karɓi maganarka." Ya ba Damaris gonarta, ya mayar wa Tanimu kunya bakwai. Damaris kuwa ba ta ƙara gaida Habila ba sai bayan kaka.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai bin Ubangiji harshe ɗaya gare shi. Ba shi da wata gaskiya ta gaban shari'a, da wata ta kasuwa, da wata ta cikin gida. Zaman shirun nan bai cire wa Habila tsoro ba, amma a cikinsa ya bar Allah ya haska masa har abin da ba ya so ya faɗa. Kunya bakwai ɗin su ne gaskiyar da takan taɓa namu. Ku lura kuma, sa'ad da ya ƙi rantsuwa bai san yadda shari'ar za ta ƙare ba. Da ma tana iya juya masa baya.

Yaro, in uwarka ta tambaye ka wa ya fasa tulu, sai ka rantse kafin ta yarda? Kai kuma babba, kunya nawa kake ɓoyewa domin na ɗan'uwanka ne? Ka je ka faɗe su tun ba a kira ka zaure ba.