Kibiyar da Dogara Bai Saki Ba

A zamanin da dajin kudu bai san gatari ba, an yi wani maharbi ana ce da shi Dogara. Kirarinsa shi ne: Dogara na gaban Tunau, baka ɗaya gayya, mai harbin ido ba a taɓa gira ba. Tunau ɗin nan ƙanensa ne, ciki ɗaya. Shi ne gwanin burtu, wato yakan ɗaura kan tsuntsun burtu a goshi, ya rarrafa cikin ciyawa yana sassara ƙasa, har namun daji su saki jiki da shi.

Wata shekara, kafin fita farautar rani, Dogara ya je wurin Gwaggo Yalwa mai duba, kamar yadda maharba suka saba. Tsohuwa ta shafa rairayi, ta zana, ta share, ta sake zanawa. Sannan ta ce, "Ɗan nan, gari zai kafu a kan sawunka. Amma na ga kibiyarka a jikin Tunau."

"Haba Gwaggo! Ni da na goye shi?"

"Abin da na gani ke nan."

Daga ranar Dogara bai ƙara sanin abin da yake ciki ba. Ya karya baka? Da me za su ci? Ya gaya wa yaron? Da wane baki? Ƙarshe ya tsiri faɗan da ba dalili, ya kori Tunau, ya ce kowa ya kama dajinsa. Tunau ya tafi yana hawaye bai san laifinsa ba. Dogara ma ya yi nasa kukan, a inda ba mai gani.

Rani ya yi nisa. Wata hantsi, a bakin wata busasshiyar fadama, Dogara ya hangi kan burtu yana sara cikin ciyawa. A bayan burtun kuwa ga ɓauna, tsohon namiji wanda garke ya kora, ya sunkuyar da kai yana tahowa. Dogara ya ɗana kibiya mai dafi, ya ja tsirkiya har kunne.

To, a nan kansa ya kulle. In tsuntsu ne, ba ruwansa, zai tashi. In Tunau ne, dole a yi harbi, ga shi kuwa ɓauna da burtu sun zo a saiti ɗaya. Zuciya ɗaya ta ce saki, ɗaya ta ce wannan ce kibiyar da tsohuwa ta gani. Yana nan tsaye, wayyo, har ɓauna ya iso.

Ba tsuntsu ba ne.

Da ɓauna ya soke shi ya wuce, Dogara ya ruga, ya iske Tunau da sauran numfashi. Yaron ya dubi kibiyar da ke kan baka, ya ce, "Yaya, ashe kana nan. Kai da ba ka kuskure, me ya hana ka?"

Dogara ya rungume shi, a hannunsa Tunau ya cika.

Da ya tona kabari, sai ruwa ya ɓulɓulo, a tsakiyar rani, garau da shi. Ya binne ƙanensa a kan tudu, ya kafa bukka a gefen ramin. Fatake suka fara yada zango, Fulani suka kawo shanu, gari ya kafu. Ya aika a tambayi Gwaggo Yalwa: da ya saki kibiyar, wa za ta samu? Ta ce rairayi bai nuna mata wannan ba.

Garin shi ne Rijiyar Tunau. Tsofaffinsa har gobe ba su daina musu ba: wasu su ce Dogara ya kauce wa ƙaddara, wasu su ce tsoro ne ya cuce shi. Ni dai ban sani ba, kuma Dogara ya tsufa ya mutu bai sani ba. Abin da ya bari shi ne doka: maharbin garin nan, in ya ɗana kibiya, ba ya mayar da ita kwari. Ko nama ya tsere, sai ya harba ta a ƙasa.