Amaryar Kurege Mai Minshari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka cika mini tabarma.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To a rufe baki. Tasallah, tanƙwashe ƙafarki, ba a zama haka a gabana.

Wani gidan gado ne, su uku ke cikinsa: Gwaggo Bushiya, da Baffa Kwaɗo, da Kurege. Tsakar gida ɗaya, murhu ɗaya, kowa da ɗakinsa. Kurege shi ɗaki biyu ya gada, ɗaya na kwana, ɗaya na ajiyar gyaɗa. To Kurege ba shi da tattali. Ya ci da safe, ya ci da rana, ya ci don ya ga ko da saura. Tun rani bai yi nisa ba ɗakin gyaɗa ya zama wayam, ciki ma ya zama wayam.

Lokacin kuwa 'yan ci-rani na ta shigowa gari, suna neman inda za su zauna har ruwa ya sauka su koma gona. Kurege ya share ɗakin, ya tsaya bakin hanya yana kira: "Ɗakin haya! Daga yau har faɗuwar damina!"

Zabuwa mai sayar da daddawa ta zo. Ta leƙa, ta ga ƙasa, ta ga bango.

"Ina gado?"

"Ai ƙasar laushi gare ta, Hajiya."

"Ina randa?"

"Rijiya ba nisa."

"Kai yaro, ɗan ci-rani yana yawo da gado a ka ne?" Ta yi tsaki ta wuce.

Zomo ya zo, ya leƙa, ya wuce. Kunkuru ya zo, ya leƙa, shi ma da ba ya sauri ya wuce da sauri.

Kurege ya je wurin Bushiya, ya durƙusa, yana wasa da bakin wutsiya.

"Gwaggo, aure zan yi."

"Kai? Wa ya ba ka 'ya?"

"Marainiya ce daga ƙauye, ba ta da mai yi mata jere. Ki ara mana gadonki da tasoshinki, a rufa mata asiri. Da biki ya watse zan dawo miki da su."

Bushiya ƙaya a bayanta take, ba a zuciya ba. Ta ba da gado, ta ba da tasoshi, ta ba da labule, ta koma kwana a kan buhu.

Ya je wurin Kwaɗo. "Baffa, randarka."

"Ka san in babu sanyin randar nan fatata tsagewa take yi."

"Kwana nawa ne, Baffa? Marainiya ce fa."

Kwaɗo ya ba da randa.

Kurege ya yi jere, ya sa turaren wuta, ya koma bakin hanya. "Ɗaki da gado! Ɗaki da randa! Ka zo da rigarka kawai!"

Sai ga Malam Guza mai yankan farce, ƙato, wutsiya har can. Kurege ya faki idon mutanen gida ya shigar da shi. Guza ya hau gado, gado ya yi ƙara. Ya sha ruwan randa, ya yi gyatsa. Aka daidaita: mudun gyaɗa duk ranar kasuwa, kaya kuma na nan har damina.

"Sai dai gidanmu da doka, Malam," in ji Kurege. "Akwai tsohuwa mai larura, ba ta son ganin baƙon namiji. Ka fita da sassafe, ka shigo da magariba a lulluɓe, kada ka tanka wa kowa."

"Ni da nake wuni a kasuwa, ina ruwana?"

Da magariba Kurege ya shigo da Guza cikin zane. Bushiya ta rangaɗa guɗa. Kwaɗo ya ce, "Kai, wannan marainiya ba a bar ta da yunwa ba. Mene ne wancan ke jan ƙasa a bayanta?"

"Bakin zane ne, Baffa."

Kun san amarya ba ta girki a kwanakin farko. Bushiya ta tuƙa tuwo ta kawo, Kurege ya tare ƙofa. "Kunya gare ta, Gwaggo." Ya karɓa, ya zaga baya, ya cinye. Gobe ma kunya gare ta. Jibi ma kunya gare ta. Gyaɗa ta nan, tuwo ta nan, Kurege ya yi kumatu.

Bushiya ta ce, "Kurege, wa ke niƙa a ɗakin amarya in an kwanta?"

"Kukan kewar ƙauye take yi, Gwaggo."

Kwanaki suka ja. Bayan Bushiya ya ƙage a kan buhu, fatar Kwaɗo ta fara tsagewa. Su ce kaya, ya ce gobe. Su ce kaya, ya ce gobe.

Ran wata Juma'a Guza bai fita ba, Kurege kuwa ya tafi yawo. Bushiya ta ce, "Wannan wane irin aure ne da ba a yi buɗar kai ba?" Ta ɗauki turare da goro, ta ɗaga labulenta, ta shiga.

"Amarya, kunyar ta isa haka. Ni ce uwar mijinki."

Ta yaye zane. Sai ga Guza a miƙe, yana wasa aska.

"Sannu Baba. Farce za a yanke?"

Bushiya ta dunƙule, ta mirgino har tsakar gida tana salati.

Kurege na shigowa Guza ya gitta wutsiya a bakin zaure. Ƙayoyin Bushiya sun miƙe, Kwaɗo ya kumbura.

"Gadona!"

"Randata!"

"Ba abin da zai fita," in ji Guza. "Da kaya na kama ɗaki."

Bushiya ta ce, "To kai munafuki, yau za ka bar gidan nan. Da fatarka ko babu, wannan sai yadda ta yiwu."

Kurege ya faɗi ƙasa yana share ido. "Ku dake ni, na cancanta. Amma Gwaggo, tun kina budurwa kike kwana a gadon nan, ya taɓa ba ki ko ƙwayar gyaɗa? Baffa, randarka ta taɓa ciyar da kai? Ni na gano muku kayanku suna da sana'a, shi ne za a kore ni?"

Ƙayoyin Bushiya suka fara kwanciya, ta juya wurin Guza.

"Malam, me kake ba shi?"

"Mudu, duk kasuwa."

"Allah Sarki. Ai ɗakina ya fi wannan faɗi, ga taga."

Nan take aka kwashe gado da tasoshi aka mayar ɗakin Bushiya, Guza ya bi su. Aka kafa randa a bakin ƙofar, Kwaɗo ya manne mata. Gyaɗa ta koma hannun su biyun. Bushiya kuma ta tare a ɗakin kwanan Kurege, ta ce a bakin tuwonta ne.

Ba a dake shi ba, ba a kore shi ba, amma ga shi ga bangon ɗakin gyaɗa.

Kuna tsammanin ya daddara? Da safe yana bakin hanya. "Ɗaki mai fili! Ba gadon da zai tokare ka, ba randar da za ka yi tuntuɓe da ita!"

Jemage ya sauko. "Akwai azara a sama?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

"To na kama. Ni gado me zan yi da shi?"

Ya zo da matansa, da 'ya'yansa, da surukansa, suka rataye reras. Kullum su dawo da ɓaure da kanya, su ci rabi, rabi ya suɓuce. Kurege ya kwanta a ƙasa ya hangame baki, abinci na faɗo masa har damina. Sai dai abin da ke faɗowa daga wurin jemagu, ba duka ne ɓaure ba.

Ƙurunƙus kan guza mai aska. Duk wadda aka ce mata amarya kunya gare ta, ta ɗaga labule kafin ta ɗora tukunya. Wanda kuma zai ci na sama, ya buɗe ido kafin ya buɗe baki. Ku tashi, Tasallah naɗe mini tabarmata, ba aro na ba ku ba.